Hayaƙi Mai Ƙamshin Mangwaro

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga yayan Saratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, ko kuna Aliero kuna jiran a gama ɗaure buhunan albasa, ko kun riga kun kama hanyar Kudu. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sauke ku lafiya, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki a inda za ka.

Na ba ƙanwarka Saratu ta sa maka ita a jaka, ƙarƙashin ƙullin dambun nama, don na san can hannunka zai fara zuwa. Za ka yi mamakin ganin rubutuna. Ni da kai ba mu taɓa zama mun yi doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, kuma na riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya mini a gidanmu na Maiyama: ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa zuba maka ido a gaban mutane ba, in ina da saƙo sai in ba ƙannenka. Kai ma Malama kake ce mini, kamar yaran ajina. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar ce ta zo ta same ni ban fafe ba.

Ga maganar, ba kwana-kwana. Na san kana zuƙar sigarin lantarki, wanda ku samari kuke kira shishar aljihu. Na kuma san kana da fuka tun kana ƙarami. Waɗannan biyun ba sa zama a ƙirji ɗaya. Ba faɗa zan yi maka ba. Zan gaya maka inda ni na yi kuskure a kan wannan abu, don da hannuna ya samu wurin zama a gidanmu, sai ka ɗauki abin da za ka ɗauka.

Babanku yana shan taba tun kafin a ɗaura mana aure. Direban babbar mota ne, ya ce ita ke hana shi gyangyaɗi a hanya. Amma a wancan lokaci taba tana da wari, wari kuma yana jawo kunya. Bai taɓa kunna ta a cikin gida ba. Sai ya fita bayan tasha, ya nemi ashana, ya duba ko akwai babba kusa. In zai je gaida kakarka Hajja a Dangamaji sai ya wanke baki, ya tauna kanumfari. In mun je Maiyama wurin mahaifina kuwa, wuni guda cur zai yi bai sha ba, yana ta murza hula. Ban lura ba a lokacin, ashe kunyar nan ita ce take rage masa rabin abin da zai sha.

Ni kuwa da warin nake yaƙi. In ya dawo daga tafiya sai in tara rigunansa can gefe, in turara ɗaki, in yi ta mita. Ban tuna na taɓa ce masa taba za ta ci masa ƙirji ba. Abin da nake cewa kullum shi ne tana ɓata mini labule.

Wata rana ya dawo daga Kudu yana murmushi, ya ciro wani abu daga aljihu mai kama da ƙaton biro, ya ce, “Ga maganin hwaɗanmu na samo. Wagga ba taba ta ba, tururi na, irin na tukunya.” Ya zuƙa, ya busa. Ɗakin ya cika da ƙamshin mangwaro. Na shaƙa, na ji daɗi, na ce, “To, in dai wagga ta, sha ko bisa gado.” Kalmomina ke nan, ba wanda ya sa mini su a baki.

Ya kuwa sha bisa gado. Ya sha bayan abinci, ya sha yana jin rediyo, ya sha da tashi daga barci kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ba ashana, ba toka, ba fita waje. Har a gaban Hajja ya zuƙa, tsohuwa ta ɗauka maganin mura ne, ta ce masa, “Allah shi ƙara sauƙi.” Tabar ma bai bar ta ba, yana shanta a hanya, ya sha wannan a gida. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago. Sai daga baya na fahimci cewa sinadarin da ke kama mutum a cikin taba, wanda ke sa shi ya kasa bari, yana nan a cikin wannan ruwan, wani lokaci ma ya fi yawa. Warin kawai aka cire.

Don haka kada ka ba hancinka alƙalanci. Wari gargaɗi ne, kuma wanda ya zauna ya cire gargaɗin ya sa ƙamshin alewa a madadinsa ya san abin da yake yi. Duk abin da za ka iya yi a gaban kakarka saboda kawai ba ta gane shi ba, ka tsaya ka tambayi kanka ko za ka yi shi in ta gane.

Kuskure na biyu ya fi wannan kusa da kai. Ka san wutar lantarkinmu ta nan Jega, ta zo yau, gobe sai labari. Abin nan kuwa sai da caji. To wa ake aika wurin mai cajin waya a bakin titi? Kai. In ruwansa ya ƙare, wa ake ba kwalbar a ce ya kai shago ya samo irinta? Kai. Ni ce nake miƙa wa Saratu in ce ta ba yayanta. Da taba ce, wallahi da ban yarda an aike ka ba. Ni da nake tsayawa gaban allo ina gaya wa ’ya’yan mutane illar taba? Amma wannan yana da igiyar caji, ana jera shi da wayoyi a kan tebur, sai idona ya ɗauke shi kamar kayan wuta.

Kuma na fi kowa sanin halin ɗan aike. Ba yaron da za a aika sayen ƙuli-ƙuli ya kawo shi bai gatsi gefe ba. Na ba saurayi mai tasowa abu mai ƙamshin mangwaro, cike da caji, na bar shi ya ratsa lungu shi kaɗai. Ban san ranar da ka fara ba, ba kuma na tambayarka. Hanyar dai na san ta, daga shagon caji ce zuwa ƙofar gidanmu.

A inda za ka, kai ne ƙarami, za a aike ka. Ka je aiken ruwa, ka je aiken abinci, aiken abin nan kam ka ce a yi maka haƙuri. In ka girma ka samu na ƙasa da kai, kada ka miƙa masa ko da riƙewa ce. Sannan motocin da ke kai albasa ba sa dawowa wayam, ka sani. Wata rana wani zai ce ka sa masa kwali biyu na abin nan a ƙarƙashin tamfol, kaya ne marar nauyi mai riba, ana nemansa a Jega da Aliero. Haka ya fara zuwa garin nan. Kada ya sake zuwa ta hannunka.

Na uku, tari. Babanku ya fara wani busasshen tari, ba majina, ba zazzaɓi. Na ce sanyi ne. Na dafa citta da kanumfari, na sa zuma, na hana shi ruwan randa. Ya ce ƙirjinsa na yi masa nauyi, zuciyarsa na bugawa da sauri ko yana zaune. Na ce gajiyar hanya ce. Damina ta wuce, aka cire albasa, aka sake shuka wata, muna nan muna shan citta. Ban kawo abin aljihun nan a raina ba ko sau ɗaya, saboda na riga na yanke masa hukuncin cewa tururi ne. Sai ranar da ya kama ƙarfen mota zai hau, ya kasa, ya zauna a kan taya yana neman iska, sannan yaran tasha suka kai shi asibiti.

Likitan bai yi mana ƙarya ba, ni ma ba zan yi maka ba. Ya ce mafi yawan ɓarnar tabar shekara da shekaru ce ta yi ta. Amma ya ce wannan na lantarkin bai bar huhun ya huta ba, kullum yana ƙona hanyar iska, kuma shi ya riƙe babanku a cikin jarabar har ya haɗa biyu. Na nuna masa kwalbar na ce me ke ciki? Ya juya ta, ya ce shi ma ba zai iya rantsewa ba, don abin da aka rubuta a jiki ba lalle ne shi ke ciki ba. Sannan ya tambaya ko akwai mai fuka a gidan. Na ce akwai. Ya ce to, kada ma ya zauna a ɗakin da ake busa shi.

Ka ga babanku yanzu. Wani ke jan motar. In zai je masallacin Juma’a sai ya tsaya ya dafa katanga, ya yi kamar yana gyara takalmi. Da in ya ja mu salla a gida dogayen surori yake karantawa, har ƙannenka su fara lilo. Yanzu gajeru yake ɗauka, su ma yana yanka su. Bai mutu ba, alhamdu lillahi, yana ci yana sha. Amma ka lura da yadda yake auna magana kafin ya fara ta, ko iskar za ta kai shi ƙarshe.

Tari in ya wuce kwanakin mura, ba na citta ba ne. Ka je asibiti, ba shagon magani ba, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake zuƙa ko bai tambaya ba. Abin shaƙarka na fuka ya zauna a aljihun da wancan yake zama. Ka gaya wa mai gidan da za ka zauna wurinsa cewa kana da fuka, tun ranar farko, don in ta tashi ya san abin yi. Ba abin kunya ba ne, kuma rumfar albasa ba ta rabuwa da ƙura.

Ba za ka tuna ranar da fukarka ta fara tashi ba. Bayan yaye an kai ka wurin Hajja a Dangamaji, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Na zo gaishe ta lokacin sussukar gero, kana wasa kusa da masussuka, ƙaiƙayi ya shige ka. Ka faɗi zaune, bakinka buɗe, ƙirjinka na wani kuka siriri kamar an matse bakin gora. Na taso. Hajja ta ɗauke ka ta ce mini, “Ke, tahi ki ba mu wuri, mi naki ciki?” Na koma bayan darni na tsaya, ina jin kukan ƙirjin nan ta tsakanin kara, ban leƙo ba har aka samu mashin aka tafi da kai. Da yamma mata suna ta yabona, wai ɗiyar Maiyama akwai kunya, ko gezau ba ta yi ba. Na ji daɗin yabon. Na riƙe shi shekaru kamar wata lambar girma.

Shi ya kawo ni ga kuskuren da ya fi sauran. Bara, ina kwashe shanya, na ɗauki rigarka na ji ƙamshin mangwaro a wuyanta, ko wanki bai fitar da shi ba. Ba lokacin mangwaro ba ne. Babanku kuma ya riga ya bari tun daga asibiti. Na ninke rigar na ba Saratu ta kai maka ɗaki.

Na gaya wa babanku. Ya ce, “Da wane baki za ni yi mai magana? Ga hannuna yag gani.” Sai na aika wa ƙanena, kawunka Sani, a Maiyama. Ko shi ban iya faɗa masa kai tsaye ba, na ce yaron nan na wurin Hajja yana son a ja masa kunne. Ya hau mashin ɗinsa na kabu-kabu ya zo, ya zaunar da kai a zaure. Ina jin ku daga tsakar gida. Ya yi maka wa’azin salla a kan lokaci, ya yi na ’yan mata, ya yi na gaida manya, ya rufe da cewa, “Ka kiyayi abokan banza, ka jiya?” Ka ce ka ji. Ya ci tuwo, ya yaba miya, ya koma. Ban ga laifinsa ba, abin da na ba shi ya kawo.

Tun daga nan nake saurarenka. In ka dawo daga lodi a Aliero ka shiga bayan ɗaki ka yi tarin da kake zaton ba a ji. In ka ɗaga buhu ka ajiye, sirin kukan nan na masussuka yana fitowa. Na san shi, ba zan ɓata shi da wani sauti ba a duniya. Ina jin tsoro, yau na faɗa. Ina tsoron a kira ni daga garin da ban sani ba a ce ta tashi maka a cikin kasuwa, ba Hajja, ba mashin, ba wanda ya san abin da ke damunka.

Kunya abu ne mai kyau, ba na zaginta. Ita ta tsare babanku shekaru ba tare da mun sani ba. Amma an yi ta ne don ta hana mutum aikata abin da bai dace ba. Ni na yi amfani da ita na hana kaina faɗin abin da ya wajaba. In ka ga wani naka yana bin hanyar da za ta cuce shi, ka faɗa masa da bakinka, ka kira abin da sunansa. Saƙon da ya bi ta hannu uku ba ya isa da nauyinsa.

Akwai kuma abin da ya wuce gidanmu. A ajina na kama wata yarinya da shi, ’yar aji shida, ja ne mai ƙamshin alewa, ta sa shi cikin birorinta. Ta ce a shagon da ke kallon ƙofar makaranta ta saya, inda suke sayen biskit. Mai shagon ɗan maƙwabciyarmu ne, uwarsa ta yi mini ɗawainiya a duk haihuwar da na yi. Taron iyaye da malamai na farko na yi shiru, don zumunci. A na biyu na miƙe. Bayan taron na je shagon da kaina. Yaron ya gaishe ni da ladabi, ya ce, “Malama, in hukuma ta hana, yau ina bari. Amma ba wanda yaz zo yac ce mani komi. In ni ban sai da ba, na gaba shina sai da wa.” Gaskiya ya faɗa. Ko akwai doka a rubuce a wani wuri, ba ta iso ƙofar makarantarmu ba.

Abin da muka nema a taron ba mai yawa ba ne, mun kuma rubuta mun aika sama. Kada a sayar wa yaro. Kada a sayar kusa da makaranta, ko a jera shi da alewa. A hana wannan ƙamshin mangwaro da na alewa, don ba tsohon direba aka yi wa shi ba, yara aka yi wa. A tilasta rubuta abin da ke cikin ruwan da gargaɗi, da harshen da muke karantawa. A kuma sami wanda zai riƙa zagawa yana dubawa, kamar yadda ake duba nama a mahauta. Taba muna da wari da kunya da suka taimake mu a kanta. Wannan ba shi da ko ɗaya, in hukuma ba ta tsaya masa ba, ba abin da zai tsaya masa. In maganar ta taso a ƙungiyarku ta ’yan albasa ko ta direbobi, ka miƙe ka goyi baya, kada ka ce kai yaro ne. Amma kada ka jira doka kafin ka bari. Irin takardar da muka aika sama tana daɗewa a hanya, kai kuma da ƙirjin nan kake kwana kake tashi.

Ba zan ce maka bari yana da sauƙi ba, na ga yadda babanku ya yi. Kwanakin farko ciwon kai, faɗa da kowa, har da kaji. Hannunsa na ta zuwa aljihu yana dawowa wayam. Daga baya abin ya yi ta raguwa. In ka kasa kai kaɗai, ka je wurin ma’aikatan lafiya, suna da hanyar taimako. In ka bari ka koma, ka sake bari. Kada dai ka ce za ka koma taba don ka bar wannan, gara da zago duk gida ɗaya suke ci.

A nan Jega kana ɓuya ne saboda akwai idon da kake jin nauyi. Can ba wanda ya san ɗan wane ne kai. Ba Hajja, ba kawu, ba ni mai saurare a bayan katanga. Don haka na ga in ban yi magana yau ba, shirun nan zai bi ka har Kudu. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bashiru.

Ga shi na rubuta. Na daɗe ina kallonsa a kan takardar, rufin ɗaki bai faɗo ba. Ni na zaɓe shi tun kana ciki, na raɗa wa babanku ya kai wa malamai ranar suna, ban kuma sake furta shi ba. Bashiru, ɗana, ka jefar da abin nan kafin motarku ta tsallake Kwara. Kada ka sayar, kada ka ba yaron mota.

In kun sauka, ka kira wayata, ba ta Saratu ba. Na san ba mu saba ba, ba sai ka nemi abin faɗa ba. Ka yi sallama, ka riƙe wayar kusa da bakinka ka ɗan yi shiru. Numfashinka nake son ji.

Allah Ya buɗe maka ƙirji, Ya raba ka da abin da ya fi ƙarfinka, Ya sa albarka a nemanka. Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Babanku yana sa maka albarka, Hajja ma haka. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Wadda kake kira Malama,
Innarka.